Bindigar da Dinatu ta Wanke

Shafi na 23

Ummi Kulsum, na ga abin da kika rubuta a ƙasan shafin jiya, wai Dinatu ba ta da wayo. Ni dai ban yarda ba. Duk wadda ba ta taɓa yin ɓarna da kyakkyawar niyya ba, ita ce za ta yi mata dariya, kuma na san mu, babu irinta a cikinmu. Ku gyara zama.

*

Sai da Alhaji Abdulganiyyu ya zura farar safar hannu kafin ya taɓa bindigar, kuma safar nan ce ta fara faɗar wa Dinatu da gaba. Abin da ta yi kwanaki tana murza a bayan kicin da soson ƙarfe da lemon tsami, shi ne ƙato guda yake ɗagawa kamar jariri ranar suna.

Tana tsaye a bakin ƙofar majalisa, wato falon baƙi, riƙe da tiren gahawa da dabino. Da farin ciki ta tashi da safen nan. Baba Khalfan, tsohon da take jinya shekara da shekaru a gidansa da ke unguwar Al Qusais a Dubai, an yi masa aikin yanar ido. Yau zai dawo daga asibiti, gobe likita ya cire bandeji. Tun da ta zo gidan bai taɓa ganin ko inuwarta ba. Ita ce idonsa. Ita ke gaya masa in miya ta ɗiga a rigarsa, ita ke raɗa masa sunan baƙo kafin baƙon ya zauna, ita ke leƙa taga ta ce masa yau garin ya yi ƙura.

Kullum da safe, in ya sha magani, sai ya ce ta sauko masa da bindigar mahaifinsa daga bango. Tsohuwa ce tukuf, irin wadda Turawa suka ƙera tun zamanin kakanni. An toshe hancinta tun tuni, da takardar hukuma, ko sauro ba za ta kashe ba. Zai ɗora ta a cinya, ya yi ta shafa wani baƙin wuri a jikin ƙotar da babban yatsansa, dab da wata busasshiyar fata da aka naɗe itacen da ita. Dinatu ta daɗe tana kallon yatsan nan tana jin tausayi. A ganinta datti ne tsohon yake ji, yana ta ƙoƙarin gogewa ya kasa, kunya kuma ta hana shi faɗa.

A Kaltungo kuwa, inda aka haife ta, mahaifiyarta ba ta barin ko murfin tukunya ya shiga Kirsimeti da baƙi. Har adaka, bindigar babanta ta farauta, akan goge da yashi a shafa mata sabon fenti. To wane biki ne ya fi makaho ya buɗe ido? Ranar da aka kwantar da Baba a asibiti, ta karɓo sanfefa da man ƙyalli na kujeru a wajen Godfrey, ɗan cocinsu da ke aikin kafinta a Al Quoz. Bai tambaya ba, ba ta faɗa ba. Ta jiƙa fatar da ruwan zafi ta yanke ta da wuƙar albasa. Ta cike tsagewar da ke ƙasa da gam. Ta kankare itacen har ya yi fari, ta murje ƙarfen har tana hango haƙoranta a jiki.

Kada ku ce ita kaɗai ce ba ta sani ba. Madam Mahfuza, babbar 'yar tsohon, da ta dawo daga kwanan asibiti ta ga bindigar tana walƙiya a bango, rungume Dinatu ta yi, ta ce Masha Allah, kamar yau aka ƙera ta. Ita ma da nata albishir ɗin da take ɓoye wa mahaifinta. Wani attajiri mai tara tsofaffin bindigogi yana shirya baje kolin kayan kakanni a Sharjah, ya nemi aron tasu, za a rubuta sunan kakanta a ƙasa kowa ya karanta. Shi ne ya aiko Alhaji Abdulganiyyu, Bakano mai shagon kayan tarihi a Deira, ya duba masa ita.

Ga Alhaji nan ya juya ta, ya sake juya ta. Ya sa madubin ƙara girma a inda tambarin maƙeran yake. Ya shinshina ƙotar. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, alhali na'urar sanyi na aiki.

Da ya buɗe baki da Larabci ya yi, a hankali, yana zaɓen kalmomi. Larabcin Dinatu na kicin ne da na ɗakin jinya, amma ta ga yadda murmushin Madam ya bi iska.

"Ya Ubangiji, ka rufa min asiri," ta faɗa a ƙasan maƙoshi.

Alhaji ya waiwayo da sauri.

"A'a, 'yar gida ce ashe. Daga ina?"

"Kaltungo, Alhaji."

"Ke kika yi aikin nan?"

Ta gyaɗa kai.

Ya cire tabarau ya goge. Ban ga fushi a fuskarsa ba, gara ma a ce fushin ne. Irin kallon da likita ke yi wa 'yan'uwan majinyaci a bakin ƙofa ya yi mata. Ya ce ta ajiye tiren kada ya zube, ta matso ta gani.

Ya nuna mata ƙarfen. Ya ce baƙin da ta kankare ba tsatsa ba ce, wata riga ce da ƙarfe ke saƙa wa kansa a hankali cikin shekaru, babu maƙerin da ya isa ya yi ta a rana ɗaya, kuma ita masu tara irin waɗannan suke fara dubawa. Ya nuna mata inda tambarin kambi da shekarar ƙira suke, soson ƙarfe ya cinye rabinsu, sai ka karkata ta wajen haske kafin ka ga alamarsu.

Dinatu ta ce ai ba ta cire komai na bindigar ba, kunamar tana nan, zobban azurfar suna nan, gyara kawai ta yi.

"Gyara suna suka tara, 'yar'uwa," in ji shi. "Kin ga zobban nan? Su ma ba Bature ne ya sa su ba. Wani maƙerin azurfa ne a Oman ya ɗaura su, ƙila tun kafin a haifi kakata. Bature mai tarawa zai iya yatsina fuska ya ce an taɓa masa original, shi ko ƙusa aka canza sai ya rage daraja. Amma mutanen nan, wallahi saboda zobban suke neman ta. Toshe hancin ma rage daraja ne, sai dai kowa ya san doka ce, an yafe."

"To nawa fa, Alhaji?"

"Naki na jiya ne. Gyaran da ya tsufa tare da bindiga ya zama jikinta. Na jiya kuwa, shi ke kashe na shekara ɗari."

Daga nan ya tambayi fatar. Ya ce a hoton da aka tura masa ya ga an naɗe ƙotar da ɗanyar fatar raƙumi. Haka mutanen sahara ke yi in itace ya tsage a hanya: su naɗa ta tana jiƙe, in ta bushe ta matse kamar ƙarfe. Ya ce maigidansa na Sharjah saboda fatar nan ya kasa barci, don ita ce shaidar cewa bindigar ta yi tafiya, ba a akwati ta tsufa ba. In tana nan, ko a yanke take, akwai dabara.

Dinatu ta dubi ƙasa. Ta sa ta a baƙar leda tare da ɓawon albasa, motar shara kuma ba ta fashi a unguwar nan.

"Innalillahi," in ji Alhaji, can ƙasa. Ya zare safar hannun ya cusa a aljihu, ya ɗauki bindigar da hannunsa tsirara ya gyara mata kwanciya a kan tebur. Wannan ya fi duk bayaninsa shigar Dinatu. Ta gane babu sauran abin da ake karewa.

Ya juya ya gaya wa Madam gaskiya, baje kolin Sharjah ba zai karɓe ta a haka ba, shi kuma ba zai sa bakinsa ya ce ba a taɓa ta ba. Madam ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma su biyu suka yi shewar gyaran.

Mahfuza ba muguwa ba ce, ku shaide ni. Da ta ɗago, ba zancen Sharjah ta yi ba, sunan ƙaninta ta ambata. Saif, wanda bizar Dinatu ke hannunsa, wanda ya taɓa sallamar direba saboda ya goga mota da bango. Shi ne ma ya tafi ɗauko mahaifinsu daga asibiti. In ya ji wannan, Dinatu ba za ta ga ƙarshen mako a Dubai ba. Dinatu kuwa ba jirgin take tsoro ba. Felicity take gani, 'yarta ɗaya tilo da ke makarantar koyon jinya a Gombe, wadda daga kuɗin makaranta har sabulun wanka a kan aikin nan suke tsaye.

Madam ta tambayi Alhaji ko babu yadda za a yi. Ya sosa gemu. Ya ce akwai wani mutum a Ajman da ya iya mayar da sabo tsoho. Zai cire man ƙyallin, ya turara itacen da hayaƙi, ya baƙanta ƙarfen, ya samo tsohuwar fata ya naɗa. Ya ce a kasuwarsu wannan ha'inci ne in za a sayar, ba zai taɓa kai wa mai tarawa irinta ba. Amma in don a rataye a bango ne tsoho ya kalla ya ji sanyi, ba ya ganin Allah zai kama su.

Nan take Madam ta tsara komai. Za a ɓoye bindigar yanzu. In Baba ya tambaya, a ce an kai ta ofishin lasin don sabunta takarda. Kafin ya gama murmurewa ta dawo da tsohuwar kamarta. Sai dai abu ɗaya: ba ita za ta faɗa ba.

"Ni in na yi magana yana gane ƙarya a numfashina," ta ce wa Dinatu da Larabci mai sauƙi, tana riƙe da kafaɗarta. "Ke ce bai taɓa tuhuma ba. Kalma ɗaya ce, habibti. Ki faɗa ki zauna a gidan nan."

Dinatu ta juya wajen Alhaji ta tambaye shi da Hausa, shin in an yi aikin ba za a gane ba?

"Ido ba zai gane ba," ya ce.

"Hannu fa?"

Ya kawar da kai ya kalli labule.

Ba su kai ga naɗe bindigar a bargo ba sai ga ƙarar mota a tsakar gida. Asibitin sun sallame shi da wuri. Madam ta yi wuf ta tsaya a gaban teburin, kamar tsohon zai gani. Saif ya shigo yana riƙe da gwiwar hannun mahaifinsa, waya a ɗaya kunnen, bai ko kalli teburin ba. Baba Khalfan ya rame a 'yan kwanakin nan. Farin bandeji ya rufe idon da aka yi wa aiki, ɗayan kuwa ya daɗe da mutuwa. Aka zaunar da shi a kujerarsa ta kullum. Ya amsa sallamar Alhaji, ya ce baƙo ya sha gahawa. Sannan ya ɗaga hanci yana neman ta.

"Dina, kina nan ba ki ce min sannu da zuwa ba?"

"Sannu da zuwa, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya yi kewar gida. Kwana nawa ban riƙe ta ba. Sauko min da ita."

Madam ta kafe ta da ido. Alhaji ya sunkuyar da kai. Maganar tana nan a kan harshen Dinatu, a shirye, gajeriya, ofishin lasin, Baba. Ta ga Felicity cikin fararen kayan makaranta. Ta buɗe baki.

"Baba..."

Sai tsohon ya karkata kansa gefe, ya miƙo mata kunne. Haka yake yi duk sanda yake jira ta gaya masa abin da ke gabansa, ko matakala ce, ko rami, ko jikansa ne ya shigo a guje. Duk abin da ta ce, a kansa yake ɗora ƙafa.

Wallahi ni da nake rubutawa na so ta yi ƙaryar. Amma ta kasa. Ta zagaya bayan Madam, ta ɗauko bindigar da hannu biyu, ta kwantar masa a cinya.

Babban yatsansa ya tafi kai tsaye inda ya saba. Ya zame a kan santsi. Ya dawo, ya sake zamewa. Ya lalubi fatar, sai ya ji itace sumul. Ya kai yatsan hanci ya shaƙi warin man kujeru.

"Wannan ta wace ce?"

"Taka ce, Baba."

Bai yarda ba sai da ya bi zobban azurfar ɗaya bayan ɗaya, har ya iske wanda ya lotsa a gefe. Nan hannunsa ya tsaya. Sai a lokacin Saif ya sauke waya daga kunne ya dubi abin da ke cinyar mahaifinsa.

Tsohon ya fara magana, ba da kowa ba. Ya ce mahaifinsa ɗan rakiyar ayarin raƙuma ne, daga bakin teku zuwa cikin sahara. Shi Baba yana yaro ƙarami zazzaɓi ya kashe mahaifin a hanya, abokan tafiya suka binne shi a cikin yashi, suka dawo da bindigar kawai. Babu hoto, babu kabarin da za a nuna. Mahaifiyarsa ce ta kama hannunsa ta ɗora a kan baƙin wurin nan, ta ce masa gumin tafin ubanka ne, nan yake riƙewa. Fatar kuma da haƙoransa ya ja ta ya ɗaure, har shatin haƙoran yana nan ga mai lalube.

"Kullum da safe nan nake ba shi hannu mu gaisa," ya ce.

Madam ta toshe baki da gyalenta. Ita da aka haifa a gidan ba ta taɓa jin wannan ba. Shi ma Alhaji, da duk saninsa na tambari da azurfa, madubinsa bai nuna masa wannan ba.

Baba Khalfan ya shimfiɗa tafinsa a kan farin itacen.

"Wa ya wanke hannun babana?"

"Abuya, ka saurara..." Madam ta fara.

Dinatu ta zube a kan gwiwoyinta a gaban kujerar, yadda ake yi wa uba a gida.

"Ni ce, Baba. Ni kaɗai. Na ga kullum kana gogewa, na zaci datti ne yake damun ka. Na so in ka buɗe ido ka gan ta fes."

Sai ta fashe da kuka.

"Khalas, an gama," in ji Saif. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya buƙata. Ya ce ta je ta haɗa kayanta, ya fara latsa waya yana neman mai yankar tikiti. Madam ta kama hannun rigarsa tana roƙo, ya fizge. Alhaji ya yi yunƙurin sa baki, ya tuna shi baƙo ne a ɗakin da ma ƙasar, ya haɗiye.

Tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya. Saif ya daina latsa wayar.

"Kawo hannunki, Dina."

Ta miƙa. Ya riƙe shi a kan bindigar, yana bin sa da babban yatsan nan nasa. Ya ji inda soson ƙarfe ya tsattsaga mata kan yatsu, ya ji inda lemon tsami ya shiga tsagar ya kumbura, ya ji faratan da sanfefa ta cinye. Ya daɗe a haka. Fuskarsa ba ta nuna ya yafe ba, ba ta nuna bai yafe ba.

Sai ya ɗaga ɗaya hannun ya kai kan bandejin, ya fara neman bakin filasta da farce.

"Abuya, likita ya ce sai gobe," in ji Madam, ta taho da sauri.

"Gobe ɗana ya sa ta a jirgi."

"Haske zai yi maka illa."

"Ku ja labule." Bai saki hannun Dinatu ba. "Shekara da shekaru da idon yarinyar nan nake gani. Ba zan yanke mata hukunci ban ga fuskarta ba."

Filastar ta ɗago daga goshinsa a hankali, audugar ta faɗo a kan bindigar. Fatar idon ta motsa, ta fara buɗewa.

Dinatu ta rufe nata.